Aikin Gayya na Zamani: Taro da Tara Gudummawa a Ƙungiyoyin Sa Kai



Haɗa ƙarfi don a yi wa wani aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Manomin da noma ya fi ƙarfinsa yakan kira gayya, samari su fito da fartanya su share masa gona cikin yini guda, iyakar abin da zai kashe shi ne fura da goro. Haka ake ɗora jinka, haka ake gyaran maƙabarta da yashe rijiyar gari. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce, rana na faɗuwa kowa ya kama gabansa. Matsalolin da ke damun al'umma a yau kuwa, kamar cuta da ƙarancin ruwan sha da rashin azuzuwan karatu, ba sa ƙarewa a yini ɗaya. Wannan shi ya sa ake kafa ƙungiyoyin taimakon kai da kai a birane da ƙauyuka. Abin baƙin ciki, da yawa daga cikinsu ba sa yin tsawon rai. Za a yi bikin buɗewa da kaɗe-kaɗe, a naɗa shugabanni, a buga kalanda, amma kafin damina ta zagayo sai a nemi ƙungiya a rasa, a nemi kuɗinta ma a rasa.

Saboda haka ya kamata a dubi wata ƙungiya da ta haura shekara ɗari tana aiki, a ga abin da ya riƙe ta. Ƙungiyar ita ce Rotary. Ba don a ja kowa ya shiga cikinta aka zaɓe ta ba. An zaɓe ta ne don aikinta ya shiga gidajen talakawan ƙasar nan, ko da yawancinsu ba su san sunanta ba, kuma tsarinta abu ne da ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya koyi da shi.

An kafa ta ne a birnin Shikago na ƙasar Amurka ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya tara abokansa uku a wani ofis, da niyyar su riƙa haɗuwa suna zumunci suna taimakon juna a sana'o'insu. Da farko taron yana zagayawa ne, yau a ofishin wannan, wani makon a ofishin wancan, kuma daga wannan zagaye ne ƙungiyar ta samo sunanta a harshen Ingilishi. Aikin jama'a na farko da aka san ta da shi ba wani abin taƙama ba ne a ido: a 1907 ta tsaya kai da fata sai da hukuma ta yarda a gina makewayi na jama'a a tsakiyar birnin. Daga nan rassa suka yaɗu zuwa wasu garuruwa da ƙasashe. Ya zuwa 2020 tana da mambobi fiye da miliyan 1 a rassa fiye da 35,000. A Nijeriya kuwa, reshen farko a Kano aka buɗe shi a 1961, sa'an nan na Legas da na Ibadan suka biyo baya a cikin shekarar.

Tushen ƙungiyar shi ne taron mako-mako. Kowane reshe yana da ranarsa da lokacinsa da wurinsa, ba a canzawa sai da babban dalili. Shekaru da yawa doka ta yi tsanani a kan halarta: wanda ya yi fashin taro huɗu a jere ba da uzuri ba yana iya rasa matsayinsa, wanda kuma tafiya ta kama shi sai ya nemi reshen garin da ya sauka ya zauna da su, a rubuta masa shaida. A 2016 aka sassauta, aka bar wa rassa su tsara taronsu, muddin za su haɗu aƙalla sau biyu a wata. Mai kallo daga waje yana iya cewa wannan ai ɓata lokaci ne, manyan mutane su taru a otel su ci abinci su saurari lacca. Amma a lura da abin da taron ke haifarwa. Mutumin da ya yi alkawarin buhun siminti goma a wannan makon ya san mako mai zuwa zai zauna kusa da ma'aji, ido da ido. Wanda aka ba aikin duba rijiyar burtsatse ya san za a kira sunansa ya tashi ya ba da bayani. Kunyar idon abokin zama tana karɓo bashin da takardar tuni ba ta iya karɓowa. Ƙungiyar da ba ta haɗuwa sai an yi rasuwa ko an matso zaɓe ba ta da wannan makami.

Akwai kuma maganar shugabanci. Shugaban reshe shekara ɗaya yake yi, ranar 1 ga Yuli ya miƙa wa wanda aka riga aka zaɓa tun da wuri, aka kuma horar da shi. Gwamnan gunduma, watau mai kula da tarin rassa a yanki guda, shi ma shekara ɗaya ne, haka shugaban ƙungiyar na duniya baki ɗaya. Wannan tsari yana da aibinsa, don sau da yawa sabon shugaba yakan so ya fara nasa aikin ya bar na wanda ya gada a rabi. Duk da haka amfaninsa ya rinjaya. Ba a samun mutum guda ya zauna a kujera shekara ashirin har ƙungiya ta koma kamar gadon gidansu, littafin kuɗi yana ƙarƙashin matashin kansa. Tun asali ma an tsara cewa a kowane reshe a ɗauki mutum ɗaya daga kowace sana'a, likita ɗaya, lauya ɗaya, ɗan kasuwar fata ɗaya, don kada 'yan sana'a guda su mamaye. An sassauta wannan daga baya, amma hikimarsa tana nan: idan za a gina ɗakin shan magani, injiniyan da zai duba ginin da akantan da zai duba lissafin duk suna cikin ɗaki, kuma ba za a biya su ko kwabo ba. Mata kuwa sai a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe musu ƙofa, bayan hukuncin Kotun Ƙoli ta Amurka a 1987 da gyaran dokar ƙungiyar a 1989. An makara ƙwarai, ganin yadda mata suka zama ƙashin bayan aikin lafiya a ko'ina.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ke kashe yawancin ƙungiyoyi. A nan an raba kuɗi gida biyu tun daga tushe. Akwai kuɗin mamba, wanda kowa ke biya don tafiyar da reshe da biyan kason uwar ƙungiya. Akwai kuma kuɗin aikin jama'a, wanda ake tarawa ta hanyar liyafar cin abinci mai tikiti, da tattaki, da gwanjon kaya, da 'yar tarar raha da ake ci wa wanda ya makara ko ya manta bajonsa. Ba a cakuɗa su. Kuɗin da aka karɓa da sunan marayu ba a sayen lemon taro da shi.

Bayan wannan akwai babbar gidauniya ta duniya. A 1917 shugaban ƙungiyar na lokacin, Arch Klumph, ya kawo shawarar a kafa asusu don ayyukan alheri. Gudummawar farko da ta shiga asusun dala 26 da santi 50 ce. Daga wannan ɗan abu gidauniyar ta girma har ta kai tana raba ɗaruruwan miliyoyin dala a shekara. Kuɗin da aka zuba a asusunta na shekara-shekara ana juya shi shekara uku, sa'an nan kusan rabinsa ya koma hannun gundumar da ta tara shi ta zaɓi ayyukan da za ta yi, sauran ya shiga asusun duniya. Reshen da ke son babban tallafi sai ya samo abokin tarayya a wata ƙasa, su sa hannu tare, kuma wanda bai kawo rahoton yadda ya kashe na baya ba ba ya samun na gaba. Wanda ya ba da dala 1,000 ana karrama shi da lamba mai sunan Paul Harris, amma sai kuɗin ya shiga asusu tukuna.

A gwada wannan da abin da aka saba gani a wajen ƙaddamar da asusun neman taimako a garuruwan ƙasar nan. Za a gayyato babban mai ƙaddamarwa, ya karɓi lasifika ya ce ya ba da miliyan kaza, maroƙa su ɗauka, a yi tafi, jarida ta buga. Bayan wata shida 'yan kwamiti suna nan suna sintiri a ƙofar gidansa, maigadi yana cewa Alhaji ya yi tafiya. An ci kuɗin haya da na abinci da na rumfa daga ɗan abin da talakawa suka bayar hannu da hannu, makarantar da aka ce za a gina kuwa tana nan a harsashi. Laifin ba na mai alkawari kaɗai ba ne. Kwamitin da ya ba mutum yabo kafin ya ga kuɗi shi ya koya masa cewa yabon ake saye, kuma ana samunsa bashi.

Babban aikin da ya gwada ƙarfin wannan tsari shi ne yaƙi da cutar shan inna. Cuta ce da ƙwayarta ke bin bayan gida ta shiga ruwa ko abinci, ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Yawancin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa nuna wata alama, amma kusan ɗaya cikin 200 takan shanye masa ƙafa ko hannu har abada. Ba ta da magani in ta kama, sai dai rigakafi, kuma rigakafin ɗigo biyu ne a baki, wanda ba sai likita ne zai ba da shi ba. A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan 6 rigakafi a ƙasar Filifin. Da ta ga abin ya yiwu, a 1985 ta buɗe shirin da ta kira PolioPlus, ta sa wa kanta burin tara dala miliyan 120 don sayen maganin. Aka raba kason a kan gundumomi, gundumomi suka raba a kan rassa, rassa suka bi mambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka rufe lissafin wannan gangami na 1988, abin da aka samu ya kai dala miliyan 247, watau ya ninka burin har da ɗoriya. A shekarar ce Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙudurin kawar da cutar daga doron ƙasa, a lokacin da take nakasa yara wajen 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka haɗa hannu da Rotary. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta shigo daga baya, har aka yi yarjejeniyar cewa duk dala ɗaya da Rotary ta tara, har zuwa miliyan 50 a shekara, gidauniyar za ta ɗora biyu a kai. A Afirka kuwa Nelson Mandela ne ya ƙaddamar da gangamin korar cutar a 1996, lokacin da take nakasa yara kimanin 75,000 a nahiyar duk shekara.

To, amma a ƙasar nan aka ga iyakar abin da kuɗi ke iya yi. A 2003 jita-jita ta bazu a Arewa cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, Kano ta fi kowa daɗewa, ba ta koma ba sai a Yuli 2004. Bai dace a ɗauki iyayen da suka ƙi a matsayin marasa hankali ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara ba lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Sa'an nan suna da tambaya mai ma'ana: zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suna kashe yara kullum, asibiti babu magani sai an saya, me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake biyo mutum da shi har gida kyauta? Wani abin lura shi ne, a daidai wannan shekara ta 2003 zuwa 2004, shugaban Rotary na duniya baki ɗaya lauya ne mazaunin Kano, Jonathan Majiyagbe, ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera. Magani yana nan a ajiye cikin sanyi, kuɗi yana nan, shugaban ƙungiya ɗan gari ne, amma ƙofofin gidaje a rufe. Sakamakon ya yi muni. Ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya, kuma a 2006 yaran da ta nakasa a Nijeriya sun haura 1,000.

Abin da ya buɗe ƙofofin nan shi ne amana, kuma a hannun mutanen gida aka same ta. An sake gwada maganin, aka kawo wanda aka yi a Indunusiya, ƙasar Musulmi. Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya fito bainar jama'a ya ɗiga wa yara da hannunsa. Daga baya Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya ja sarakunan Arewa suka shiga aikin, umarni ya gangaro daga hakimai zuwa dagatai zuwa masu unguwanni. Malamai suka yi bayani a masallatai. Waɗanda cutar ta riga ta nakasa, irin masu ƙera kekunan guragu a Kano, suka riƙa bin ma'aikata gida-gida, don uban da ya ga gurgu a zaurensa yana roƙonsa ya ceci ɗansa ba ya buƙatar dogon wa'azi. Aka kuma amsa waccan tambaya ta iyaye da aiki: aka riƙa kafa sansanonin duba marasa lafiya inda ake ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki tare da ɗigon, aka haƙa rijiyoyi a wasu wuraren da ruwa ya yi wuya.

A nan ya wajaba a faɗi gaskiyar wanda ya ɗauki nauyi mafi tsanani. Mambobin Rotary galibi masu hali ne, 'yan boko da 'yan kasuwa na birni. Sun ba da kuɗi, sun bi gwamnoni da ministoci suna tuni, sun fita ranakun rigakafi da rigunansu masu ruwan ɗorawa. Amma masu shiga lungu-lungu da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, suna shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa suna rubuta alama da alli a bangon gida, yawancinsu matan unguwa ne da ake ba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Su ne ke iya shiga cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga. Su ne kuma suka biya da rayukansu: a Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, galibinsu mata. Aikin bai tsaya ba.

A 2012 Nijeriya ce ke da fiye da rabin masu cutar a duniya. A shekarar Gwamnatin Tarayya da abokan aikinta suka kafa cibiyar ko-ta-kwana a Abuja, inda ake zama kullum ana bin alƙaluman kowace ƙaramar hukuma. Ma'aikatan da suka goge a wannan tsari su ne suka taimaka aka shawo kan cutar Ebola a Legas a 2014. An shekara biyu ba a ga sabon kamu ba, sai a Agusta 2016 aka gano yara a Jihar Borno, a yankunan da rikici ya hana ma'aikata shiga. Waɗannan su ne na ƙarshe. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da asalin ƙwayar shan inna. Ya zuwa lokacin Rotary ta zuba kusan dala miliyan 890 a Afirka kaɗai, daga cikin fiye da dala biliyan 2 da ta kashe a duniya, kuma mujallar Time ta sa shugaban kwamitinta na Nijeriya, Dokta Tunji Funsho, cikin mutum 100 mafiya tasiri na shekarar. Daga 1985 zuwa 2020 shekara 35 ke nan. An canza shugabannin ƙungiyar sau 35, amma alkawarin da aka ɗauka bai canza ba, domin a littafin ƙungiya aka rubuta shi, kowane sabon shugaba ya tarar da shi ya ɗora.

Akwai masu zargin irin waɗannan ƙungiyoyi da cewa na asiri ne. Game da Rotary dai, taronta a fili ake yinsa, ana karɓar baƙi, kuma ba ta bin wani addini ko jam'iyyar siyasa. Musulmi da Kirista suna zama a tebur guda. Zargin da ya fi kusa da gaskiya shi ne tsada, don kuɗin mamba da na liyafa ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Ƙungiyar ta rage wannan giɓi da rassan matasa, Interact na 'yan sakandare tun 1962 da Rotaract na manyan ɗalibai da matasan ma'aikata tun 1968, amma giɓin bai rufe ba.

Wanda ba shi da halin shiga ba abin da ya hana shi ɗaukar tsarin. Mutum goma sha biyar a unguwa, ko 'yan kasuwar hatsi, ko matan da suka saba adashi, suna iya tsayar da rana guda da ba ta tashi, su rubuta sunan wanda ya zo da wanda bai zo ba. Su buɗe asusu a banki da sunan ƙungiya, wanda kuɗi ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa ba da rasidi ko na naira ɗari ne, ma'aji ya karanta lissafi da babbar murya a kowane zama. Su fara da aikin da za su iya gamawa kafin shekara ta ƙare, ko da gyaran famfo ɗaya ne, don mutanen da suka ga famfo yana zuba ba sai an roƙe su da yawa a karo na biyu ba. In ƙungiya ta yi ƙarfi har tana son mallakar fili ko karɓar tallafi daga waje, sai ta naɗa amintattu ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Tarayya, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, ta kuma riƙa kai rahotonta na shekara.

Game da shan inna kuwa, kada shaidar 2020 ta sa iyaye su saki jiki. Har zuwa 2024 asalin ƙwayar tana nan a Afganistan da Pakistan, kuma a wasu jihohin Arewa maso Yamma an ci gaba da samun wani nau'i nata da ke ɓulla a inda yara da yawa ba su sami cikakken rigakafi ba. Shi ya sa ma'aikata ke komawa gidaje sau da yawa a shekara, kuma ƙarin ɗigon ba ya cutar da yaron da aka riga aka yi wa. Rassan Rotary sukan yi tattaki da tara gudummawa don wannan aiki kowace ranar 24 ga Oktoba. Ƙungiyar unguwar da ke son ba da hannu sai ta tuntuɓi mai unguwa ko jami'in lafiya na ƙaramar hukumarta, a gaya mata ranar zagaye na gaba da gidajen da aka rasa yaransu a zagayen da ya wuce.